Daga Karofi Zuwa Kwata

Aikin biki ne ya kai ni Kano. Ƙanwata za ta aurar da 'yarta ta fari, dangi suka yanke shawarar cewa ankon maza farar shadda za a sayo a Kantin Kwari, a kai wa marina su mayar da ita ruwan makuba, don hakan ya fi sayen rinanniya sauƙi. Da yake ni ne ba ni da ofishin da zai neme ni, sai aka ɗora mini. Na hau mota a Zariya da sassafe, muka wuce Kwanar Ɗangora, muka ratsa gonakin shinkafar Kadawa da Kura, da hantsi muna Na'ibawa.

Cinikin shadda bai ja ba. Yaron shagon ya ce marinin da suke hulɗa da shi ba ya karɓar sabon aiki sai bayan azahar, na ce to kafin nan bari in leƙa karofin Ƙofar Mata.

Wurin ba nisa da Asibitin Murtala. A mashigarsa an rubuta 1498, shekarar da ake cewa an kafa shi, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Fili ne cike da bakunan rijiyoyi a jere, sun haura ɗari, amma mafi yawansu sun mutu. Wasu ƙasa ta cike su, wasu leda da ƙura. Masu rai kaɗan ne, kuma tun daga nesa hanci ke nuna maka su: wani wari ne mai tsami, mai nauyi, wanda ba ya hawa kai. Wani dattijo na zaune a bakin ɗaya, ya miƙe ƙafa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Na yi sallama, ya nuna mini dutsen da zan zauna.

Abin da ya fara riƙe ni shi ne launin ƙyallen. In ya fito daga ruwan ba shuɗi ba ne, tsanwa-tsanwa ne mai ratsin rawaya. Sai dattijon ya ware shi a iska, kana kallo yana juyewa, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Mai son shuɗi mai haske a tsaya masa da wuri, mai son baƙi wuluk na kore sai an wuni ana yi. Dalilin wannan juyi kuwa shi ne, launin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa. Ko ka wuni kana damawa ba zai kama zare ba. Sai an zuba shi cikin ruwan toka da kanwa an bar shi kwanaki ana motsawa da muciya, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye iskar da ke cikin ruwan, sannan launin ya saki ya shiga zare. Da iska ta sake bugunsa sai ya daskare a inda yake. Rijiyar rini dai kamar ƙullun koko take, sai ta kwana ta yi tsami take aiki, kuma in aka yi mata ganganci ta lalace.

Hannun dattijon shuɗi ne har gwiwar hannu, faratansa baƙi ƙirin. Na ce, "Baba, wannan yana fita kuwa?"

Ya ce, "In na yi wata ban taɓa ruwa ba zai fita, ɗana. To me zan ci a watan?"

Na tambaye shi inda suke zubar da ruwan in ya gaji. Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba, sannan ya nuna wasu curarrun dunƙule masu ruwan toka da aka shanya a gefe. Katsi ke nan. In rijiya ta daina bayarwa, sai a kwashe laka da tokar da suka kwanta a gindinta, a cura, a shanya, a ƙona. Wani a mayar da shi cikin sabon haɗi, wani kuma a haɗa laso da shi, wanda da shi ake shafe cikin rijiyar don kada ta tsiyaye, da shi kuma magina ke shafe soro a da. Kumfar da ke tasowa a saman ruwan ita ma ba a barinta: a kwashe, a busar, ta zama shunin da mabuga ke bugawa a jikin rawani har ya riƙa ƙyalli. Ban ce karofi wuri ne mai tsarki ba. Ruwan toka da kanwa na busar da fata yana tsattsaga ta, kuma ba banza ba magabata suka riƙa kafa marina a gefen gari. Amma sana'ar ta san inda za ta kai kowane abin da ya fita daga cikinta, kuma kusan duk wurin nan cikin gidanta ne.

Wannan shuɗin ne ya yi wa Kano suna. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano na kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus, ta yamma kuma har Tambutu. Abin da ya karya kasuwar ma daga ƙasar su Barth ɗin ya fito. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar gawayin ƙasa, sai ya dace da launin shunayya. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba ruwansa da ganye ko damina. Gonakin baba na Indiya suka durƙushe cikin 'yan shekaru, namu suka bi a hankali. Yau ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a marina da yawa na ƙasar nan ana ƙara garin shunin kanti a cikin rijiya don ta yi saurin kamawa.

Bayan azahar yaron shagon ya ja ni cikin wani lungu a cikin gari, inda aikina zai shiga. Nan ba rijiya. Rabin duro ne a kan murhu, itace na ci, samari na tsaye a kai da sanduna. Kowa da safar roba har gwiwar hannu, sai dai na ga wadda ta yage an ɗaure da leda, na ga kuma wanda ya sa hannu ɗaya kawai. Maigidan wurin, wanda bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ya buɗe ƙullin leda uku a gabana. Ɗaya garin kala, ɗaya soda mai cin hannu, ɗaya kuma wani farin gari mai warin farar wuta, wanda masana ke kira haidirosalfait. Da cokali yake awo. Da ya zuba su a ruwan zafi sai wani tururi ya taso ya shaƙe ni, na ja da baya ina tari, samarin suna mini dariya. Aikin da ƙananan halittun rijiya ke kwanaki suna yi, waɗannan garin biyu suna gama shi kafin ka sha shayi. Launi kuma ba iyaka: ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, algashi, duk wanda amarya ta nuna a waya za a fitar mata.

Dole a faɗi gaskiya, aikinsu na da kyau, kuma yana ciyar da gidaje masu yawa. Wanda ya ce a rufe su bai ga yawan samarin da ke cin abinci a nan ba, daga masu ɗebo ruwa zuwa masu sitati da mabuga.

Amma ledar nan ta garin kala ba rubutu a jikinta ko ɗaya. Na ce, "Maigida, mene ne sunan wannan?" Ya ce, "Ja ne, Alhaji." Daga buhu ake ɗibarsa a kasuwa, buhun ma sau da yawa an riga an sauya masa mazubi. Tun 1895 wani likita a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura cewa ciwon dajin mafitsara na yawaita tsakanin ma'aikatan masana'antar rini. Daga baya aka gano sinadaran da ke jawo shi, irin su benzidin, aka kuma gano cewa wasu launuka na dangin da ake kira azo suna warwarewa a jikin mutum su saki irin waɗannan sinadarai. Jamus ta hana su a kayan da ke taɓa fata a 1994, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002. Ba duk kalar kanti ce ke da wannan illa ba, mafi yawa ma ba su da ita. Matsalar ita ce yaron da ke shaƙar garin nan kullum ba shi da hanyar sanin wanne ke hannunsa, mai sayar masa ma haka.

Ina tsaye aka gama da wani duro. Samari biyu suka kama shi suka tuntsurar a bakin kwata. Ruwa ja wur, yana tururi, ya bi lungu. Agwagi suka matsa gefe, yara 'yan makarantar allo suka tsallake abinsu. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida ta ce mini ita da launin kwata take gane irin bikin da ake shiri a gari. Ta ce rijiyar gidansu tuni suka bar sha, sai wanki. Na ce, "Iya, kun yi musu magana?" Ta ce, "Wa za a yi wa? Biyu daga cikinsu jikokina ne."

Washegari na ce sai na ga inda ruwan nan ke ƙarewa. Ba wani bincike ba ne, kowane Bakano ya sani: Jakara. Daga tsakiyar birni, kusa da Kasuwar Kurmi, take tasowa, ta kwashi kwatocin unguwanni, ta bi ta arewa maso gabas, rafin Getsi da ke ɗauke da ruwan masana'antun Bompai ya same ta a hanya, su zarce madatsar ruwa ta Wasai wajen Minjibir. Na sauka a wani wuri bayan gari inda aka daina ɗaure mata gefe da siminti. Ruwan baƙi ne, yana kumfa, warinsa na kama maƙogwaro. A gaɓarsa kuwa lambuna ne kore shar: latas, kabeji, alayyafo, karas. Injin ban-ruwa na ta ƙara, tiyo ɗaya a cikin baƙin ruwan, ɗaya a cikin kwami. Manomin da na tarar ya ce shi ruwan nan taki ne a wurinsa, kuma ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai. Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Sai dai masu bincike na jami'o'inmu, musamman Bayero, sun sha auna ruwan nan da ƙasar da ganyen, suna samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam. Waɗannan ba a wanke su da ruwan gishiri, don a cikin ganyen suke, ba a bayansa ba.

Kada a ɗora wa marinan lungu abin da ya fi ƙarfinsu. Duronsu ɗigo ne in aka gwada da abin da manyan masana'antun jima da na saƙa suka shekara suna saki daga Bompai da Sharaɗa da Challawa. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yinta. Ta gargajiya, wadda har yanzu ake yi a unguwar Majema, da bagaruwa ce. Dukawa kuma da karan dafi suke fitar da jar fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko alhali daga ƙasar Sakkwato da Kano take tafiya, da gangamau suke rawaya, da kuloko na kashin maƙera suke baƙi. Doka ma akwai ta. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masana'antun tufafi da fata, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Wanda ya tsaya a gaɓar Jakara zai yi wa kansa hisabin nisan da ke tsakanin takarda da ruwa.

A gidan gwaggona na sauka, a can ne kuma na ga ɗaya ɓangaren maganar, wanda ya fi kusa da jiki. Jikokinta mata na shirin nasu bikin, mai lalle ta zo da kayanta. Kwano biyu ta ajiye. Ɗaya jan lalle ne, garin ganye da aka kwaɓa da lemon tsami, wanda sai an ƙunsa an yi sa'o'i. Ɗaya kuma baƙi, dayis, wanda ke kamawa nan da nan. Lalle ba ya yin baƙi. Abin da ke baƙanta wancan galibi sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda a Turai aka yarda da ɗan kaɗan ɗinsa a man rina gashi amma aka hana shafa shi a fata. Wasu yana tashinsu da ƙuraje da bororo daidai zanen furen da aka yi musu, tabon ya daɗe, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ya ƙi ke nan har abada. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta nuna mini bayan hannunta, inda zanen sallar bara ya bar fari-fari. Duk da haka ta miƙa ɗaya hannun. Gwaggo ta ce, "A rina, an saci zanen mahaukaciya. Mu a zamaninmu katambiri muke ɗiga wa fuska, ba wadda ta kwana asibiti."

Na so in goyi bayan gwaggo ɗari bisa ɗari, sai dai tandun kwallinta na ajiye a kan taga. Farin kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa daga dutse ma'adinin dalma ne, kuma shi ake rambaɗa wa jarirai tun ranar suna. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Jan lallen ma da kansa likitoci na gargaɗi a kan shafa wa jariri, saboda masu wata larurar jini ta gado da ake kira G6PD, wadda ta yawaita a yankinmu, yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Korinon dukawa, koren fatar nan mai kyau, da garin tagulla ake fitar da shi. Abu ya zama na gida ko na kaka da kakanni bai sa ya zama lafiyayye ba.

Inda na ga dabarar gida ta yi nasara sosai shi ne madafa. Matar ɗan gwaggo na yin kek da alawar madara na sayarwa, ta kuma daina sayen 'yan kwalaben kala tun da ɗanta ya fara yini da jan harshe. Ta nuna mini abin da take yi. Zoɓo ta tafasa da ruwa kaɗan har ya yi kauri, ta raba biyu. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, ya yi ja mai haske. Ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Kurkum na ba ta rawaya, in ya haɗu da kanwa ya koma ja-ja. Kore daga garin zogale ko ruwan alayyafo, ruwan goro daga karas. Ta ce illarsu biyu: launin ba ya ihu irin na kwalba, kuma in ka cika hannu ɗanɗanon zai tona maka asiri, kek ya koma miya. Karan dafin da dukawa ke rina fata da shi kuwa, shi ne mutanenmu na zangon Kumasi da Accra ke jefawa a tukunyar shinkafa da wake ta yi jan nan da aka san ta da shi.

Hankalin matar ɗan gwaggon ya fi tashi a kan manja. In ya cika ja, ta ce, ba ta saya. Tana da hujja. Akwai wani jan rini na masana'anta da ake kira Sudan, na man takalmi da fenti da makamantansu, wanda marasa tsoron Allah ke zubawa a manja da garin barkono don su yi kyan gani. A 2005 an janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantunan Birtaniya saboda shi. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta sanar cewa kusan duk samfurin manjan da ta gwada daga kasuwannin Accra na ɗauke da shi, NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kansa a nan gida.

A tufafi ne dabarar gida ke gazawa. Bawon albasa na ba da rawaya mai kyau in an fara jiƙa ƙyallen a ruwan alif, bagaruwa da tsatsar ƙarfe na ba da toka-toka zuwa baƙi, kuma waɗannan suna ɗan jurewa. Amma kurkum rana ɗaya a kan igiya ta ishe shi ya koɗe, zoɓo kuma wanki biyu. Ba wanda zai rina ankon mutum ɗari da bawon albasa. Saboda haka ni ban ga alamar duron lungu zai tafi ko'ina ba, kuma wa'azin a koma gargajiya ba zai tsayar da kwata ba. Abin da ya fi kusa da yiwuwa ƙanana ne: a tilasta wa masu shigo da kala su bar suna a jikin kayansu, a sa takunkumi lokacin awon gari, a haƙa ramin da ruwa zai kwana ya huce laka ta kwanta kafin a sake shi, a kuma ware wa marina fili guda mai magudana ɗaya da za a iya tacewa, yadda a da can aka ware musu karofi. Da na kawo wa maigidan lungun maganar rami ranar da na je karɓar kaya, bai musa ba. Ya ce filin haya ne, mai shi ba zai yarda a haƙa ba, kuma in ya ƙara ko naira ɗari a kan kowace shadda don wannan, gobe dillali zai kai aikin lungu na gaba.

A hanyar komawa na sa direba ya sauke ni a Kura. Kafin a kai nan sai an haye gadar Tamburawa, kusa da inda Kogin Challawa ke haɗuwa da Kogin Kano, inda kuma matatar ruwan da birni ke sha take. Daga nan ruwan ya nufi Wudil da Haɗeja har dausayin Nguru. Kura ce garin turkuɗi da rawanin ɗan Kura, siraran saƙa da ake rinawa a buga da shuni har su yi ƙyallin ƙarfe, waɗanda Buzayen Agadas da na Mali ke saye da tsada. Su ba sa ƙin ya zuba a fata, wannan zubar ma ita ce alamar na ƙwarai. Har yanzu ana jin ƙarar bugu daga wasu zauruka, amma sai ka tambaya kafin a nuna maka. Wani mabugi ya ce mini wahalarsu yanzu ba mai saye ba ne, ganyen ne. Tun da ruwan Tiga ya iso gonakin nan, manomin da zai iya shinkafa da damina ya yi tumatir ko alkama da rani ba zai bar wa baba ko kunya ɗaya ba, sai dai a sayo daga ƙauyuka masu nisa, kuma kowace shekara buhun na ƙara kuɗi.